Kumasi ko Kano: ina zan sayi gidana na farko?

Ɗan'uwa, ka ce shekararka shida kana kasuwanci a Kumasi, kana tunanin ko ka sayi gida a nan ko a Kano.

Fara da doka. Kundin tsarin mulkin Gana na 1992 bai ba baƙo mallakar fili ta har abada ba, iyakarsa haya ta shekara 50. Yawancin filayen Asante, yankin da Kumasi take, kuma na sarauta ne, don haka takardar da sarkin yanki ya ba ka ba ta wadatar ba, sai ka bincika a Hukumar Filaye. Kada ka biya ko sisi don dillali ya rantse maka a zango. Sayar wa mutum biyu fili ɗaya ba sabon abu ba ne.

A Kano kai ɗan ƙasa ne, amma wa zai riƙa karɓar maka kuɗin haya? Gini ta hannun dangi ya sha raba zumunci.

Ni dai zan saya inda idona ke gani, inda kuma nake samun kuɗin, don canjin sidi, kuɗin Gana, zuwa naira kaɗai yana iya cinye ribar. Kafin ka sa hannu, ɗauki lauyanka na kanka, ba na mai sayarwa ba, da mai auna fili mai lasisi.