Yadda za a ɗumama akwatin tsaka mai zanen damisa ba tare da ƙona ta ba

Ɗan'uwa, ka tambaya ko dutsen lantarki mai ɗumi zai ishi tsakarka. Ka rabu da shi. Zafinsa kan taru wuri guda, ita kuwa sai ta kwanta a kai har cikinta ya ƙone ba ta motsa ba.

Asalinta busassun yankunan Afganistan, Pakistan da arewa maso yammacin Indiya ne, kuma jikinta ba ya samar da zafi da kansa, don haka dole ta samu zaɓi tsakanin wuri mai ɗumi da wuri mai sanyi a cikin akwatinta. Ɗumama gefe ɗaya kawai: ƙasansa ya kai digiri 31 zuwa 33 na Salsiyas, ɗaya gefen ya tsaya wajen 24. Ka sa maɓoya a kowane gefe.

Ko fitilar halojin (ƙwan lantarki mai ba da haske da zafi) daga sama ko tabarmar ɗumi a ƙarƙashin kashi ɗaya cikin uku na akwatin, duk suna yi, ni dai na fi son fitilar. Amma kowacce ka ɗauka, sai ka haɗa ta da na'urar daidaita zafi, ka ɗora ma'auninta daidai inda tsakar ke kwanciya. Wannan ba a sassauci a kansa.

Da dare ka kashe fitila, har da jar fitilar nan da ake tallatawa don amfanin dare. In ɗakin bai sauka ƙasa da digiri 18 ba, ba matsala.