Tikitin gudu a Maryland: takarda ta ɓace, suna bai fito a intanet ba, me ya kamata a yi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a Silver Spring da ke jihar Maryland a Amurka, shekarata biyu da zuwa, kuma da motata nake neman abinci, ina kai wa mutane saƙo gida-gida. Kwana goma sha biyu ke nan da ɗansanda ya tsayar da ni da dare, ya ce ina gudun mil 52 a inda aka ƙayyade 35, ya rubuta mini tikiti. Takardar ta ɓace, na birkice motar ban gan ta ba. Na saka sunana a shafin kotu, babu abin da ya fito. Wani abokina ya ce tunda bai fito ba in share kawai, wani kuma ya ce in biya in huta. Jiya ma saƙo ya shigo wayata cewa in biya cikin awa 24 ko a ƙwace lasisina. Wanne zan bi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Shawarar abokinka na farko ka ajiye ta gefe tun yanzu, domin ita ce ke jefa mutane cikin wahalar da ta fi tikitin nauyi. Ta biyun kuma kada ka yi gaggawar ɗauka sai ka san abin da biyan yake nufi. A Maryland kwana 30 ake ba mutum daga ranar da aka ba shi irin wannan tikitin ya ba kotu amsa. Ka ci 12, saura 18. Ɓatan takarda ba ya tsayar da lissafin, rashin fitowar suna a intanet ma haka.

Mu fara da nemo tikitin naka a rumbun kotu. Laifin tuƙi a Amurka al'amarin jiha ne da ƙaramar hukuma, shi ya sa babu rumbu guda na ƙasa baki ɗaya da za ka shiga ka ga tikitinka. Wasu kan ɓata lokaci a shafin intanet na PACER, alhali shi na kotunan tarayya ne. Naka yana hannun Kotun Gunduma ta Maryland, kuma shafin da ake dubawa shi ne Maryland Judiciary Case Search, kyauta ne, kowa na iya shiga. Abu biyu ke hana suna fitowa. Na farko, tikiti kan ɗauki kwanaki kafin ya shiga rumbun kotu bayan ɗansanda ya rubuta. Na biyu, wanda ya fi damun mutanenmu, rubutun suna ne. Shafin yana neman suna daidai harafi da harafi kamar yadda aka shigar da shi. Kai ka rubuta Muhammad, lasisinka na ɗauke da Mohammed. Ko kuma an ɗauki sunan mahaifinka an mai da shi na farko, naka ya koma tsakiya. Ciro lasisin daga aljihu, ka kwafe abin da ke jikinsa yadda yake. In bai fito ba, juya sunayen. In har yanzu shiru, rubuta farkon sunan ka bi shi da alamar %, shafin zai kawo duk sunayen da suka fara da waɗannan haruffa. Sai ka lura da kyau, masu suna irin naka suna da yawa, ka tabbatar ranar da laifin da aka rubuta naka ne kafin ka ɗauki lambar. Na taɓa ganin wanda ya kusa biyan tarar wani saboda sunansu ɗaya.

Idan duk wannan bai yi ba, taka da ƙafarka. Gundumar Montgomery, inda kake zaune, tana da Kotun Gunduma a Silver Spring da kuma Rockville. Je wurin akawun kotu da lasisinka, ka ce kana neman lambar tikitinka. Akwai ma fom da aka tanada musamman don wanda takardarsa ta ɓace, a kansa za ka zaɓi abin da kake so a yi. Akawu zai nuna maka fom, ya faɗa maka rana, amma ba zai ce maka ka amsa laifi ko kada ka amsa ba, aikinsa bai ba shi wannan damar ba.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya ka yi tunani. Biyan tara amsa laifi ne. Ranar da kuɗin ya shiga, shari'a ta ƙare, an rubuta cewa ka aikata, kotu ta sanar da hukumar motoci ta jihar, wato MVA, ita kuma ta ɗora maka maki a kan lasisi. Wuce ƙa'idar gudu da mil 17 maki biyu ne. Biyu kamar ba komai ba, amma taruwa suke yi: wanda ya tara biyar cikin shekara biyu za a tura shi kwas ɗin gyaran tuƙi, takwas ya kai ga dakatar da lasisi, goma sha biyu a soke shi. Kamfanin inshora yana duba wannan tarihin lokacin sabunta yarjejeniya, kuma ƙarin da zai yi maka na tsawon shekaru kan zarce tarar kanta. Kamfanonin kai saƙo su ma suna bibiyar tarihin tuƙin direbobinsu. Ga wanda ke fita da mota sau biyu a mako, biya a huta na iya zama daidai. Kai kuwa lasisin nan shi ne jarinka, don haka ban ga dalilin da za ka miƙa wuya ba tare da ka tsaya gaban alƙali ba.

Tsayuwa gaban alƙali iri biyu ce a Maryland, kuma mutane na rikita su. Akwai zaman da kake cewa na yi laifin, amma ina da bayani. A nan ɗansanda ba ya zuwa, ba a jayayya kan ko ka yi gudun, kana neman sassauci ne kawai. Akwai kuma cikakkiyar shari'a, inda ka ce ban amsa ba, a kira ɗansandan ya zo ya ba da shaida: inda ya tsaya, na'urar da ya auna gudunka da ita, yadda ya tabbatar motarka ce. Kana da damar yi masa tambayoyi, ka kawo hoto ko shaida. In bai zo ba, sau da yawa akan kori ƙarar, ko da yake alƙali na iya ɗage zaman, saboda haka kada ka gina shirinka a kan rashin zuwansa. Tun shekarar 2011 jihar ta daina sanya ranar shari'a kai tsaye ga irin wannan tikitin. Sai ka nema da kanka cikin kwanakin nan 30.

Abin da ya fi amfani ga mai tarihi mai tsabta shi ne hukuncin da lauyoyi ke taƙaitawa da PBJ. Ma'anarsa alƙali ya jingine rubuta maka laifi, ya ba ka lokacin jarrabawa. Galibi za ka biya tara da kuɗin kotu, amma maki ba zai hau lasisinka ba. Ba haƙƙi ba ne, alƙali ne ke ganin dama, kuma abin da ya fi dubawa shi ne tarihin tuƙinka. Ka sani kuma yana da ikon ƙara tarar har zuwa dala 500, duk da cewa ba kasafai hakan ke faruwa ga wanda ya zo da ladabi a karon farko ba. Gargaɗi ɗaya: duba lasisinka ko na wucin gadi ne, irin wanda Maryland ke ba sabon direba na wata 18. In shi ne, ko PBJ ɗin yana da sakamako a wurin MVA, ana iya sake ƙirga maka watannin daga farko. Mai irin wannan lasisin, da mai lasisin manyan motoci, gara su ga lauya kafin su zaɓi komai.

Ranar zama ka isa da wuri, domin akwai layin bincike a ƙofa. Za ka tarar da jerin sunaye da lambar ɗaki, ka nemo naka. Ɗakin cike yake da mutane irinka, kowa da takardarsa a hannu, ana kiran suna ɗaya bayan ɗaya, wani minti biyu ya gama. Zauna ka saurari waɗanda suka riga ka, za ka fahimci halin alƙalin. Waɗanda ke fita da murmushi su ne masu gajeriyar magana: ga abin da ya faru, ban taɓa samun tikiti ba, da mota nake ciyar da iyalina, ina roƙon kada a sa mini maki. Masu cewa kowa ma gudu yake yi, ko ɗansandan ya tsane su ne, ba sa samun komai. In Turancinka bai zauna ba, kotunan Maryland na ba da tafinta kyauta, amma ka nema da wuri a rubuce, don samun mai jin Hausa na ɗaukar lokaci. Kada kunya ta sa ka ce “yes” ga abin da ba ka gane ba.

Sai ka tabbatar adireshin da kotu ke da shi nan ne kake kwana. Ta gidan waya ake aiko da ranar zama, zuwa adireshin da ke kan tikitin. Mutum ya sauya gida, wasiƙa ta tafi tsohon, ranar ta wuce bai sani ba. Daga nan kotu ta sanar da MVA, a dakatar da lasisi, shi kuma yana ta tuƙi hankali kwance, har ranar da aka sake tsayar da shi. Tuƙi da dakataccen lasisi ba tikitin biya ba ne, dole a bayyana a kotu. An gudu daga gara an faɗa gidan zago ke nan. Wannan ita ce hanyar da shawarar sharewa ke bi da mutum. Idan rashin kuɗi ne matsalar, jihar na karɓar biya kaɗan-kaɗan ga wanda tararsa ta kai dala 150.

Kada ka haɗa wannan da tikitin kyamara, wanda ke zuwa gida da hoton lambar mota. Shi mai motar ake aika wa, ba ya ɗauke da maki, kuma yawanci ba a hanya ɗaya ake biyansa ba. Kuma tunda kana kusa da Virginia, ka riƙe wannan: a can wuce ƙa'ida da mil 20, ko zarce mil 85 a awa, tuƙin ganganci ne, laifi ne da ke shiga kundin masu laifi. Jihohi suna musayar bayanan hukunci, abin da aka yanke a can zai biyo ka gida.

Saƙon da ya shigo wayarka kuwa duk alamun damfara sun cika a kansa. Wa'adin awa 24, barazanar ƙwace lasisi, da mahaɗin da za ka latsa, haka 'yan damfara ke yi da sunan hukumar motoci da ta kuɗin hanya, suna watsa wa dubban lambobi, ya faɗa kan wanda ke da tikiti a zuciya kamar kai. Kada ka latsa, kada ka ba da lambar katinka. Duk abin da ake binka zai bayyana a shafin kotu ko a bakin akawu.

Bayan an gama, karɓi takardar hukuncin da rasit, ka ɗauki hotonsu a waya, ka adana na asali. Bayan 'yan makonni nemi tarihin tuƙinka daga MVA ka ga ko abin da aka rubuta ya dace da abin da alƙali ya faɗa, domin kundin kotu daban, na hukumar motoci daban. Takardun za su yi maka amfani ranar da za ka cike fom ɗin N-400 na neman zama ɗan ƙasa, inda ake tambaya ko an taɓa ba ka sammaci. Tikitin gudu guda ba ya hana mutum samu, amma a faɗe shi yadda yake, da shaidar an biya a hannu in jami'in ya tambaya.