Dattijai Na Karanta Ƙagaggen Labari Kuwa?

Tambaya: Malam, na shafe shekara biyu ina rubuta labarin wani ma'aikacin jirgin ƙasa da ya yi ritaya a Zariya, don tsarar mahaifina su karanta. Wani mai buga littattafai ya ce mini 'yan sama da shekara sittin ba sa karanta labari, gara in haɗa musu littafin magungunan hawan jini da ciwon suga. Ina tsoron wahalata ta tafi a banza.

Amsa: Malama, kada ki ajiye labarin nan. A Amurka, waɗanda aka haifa tsakanin 1946 da 1964, lokacin da haihuwa ta yawaita bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ana buga musu littattafai da manyan haruffa, a kuma karanta musu a murya, domin ido ne ya raunana, sha'awar labari tana nan. Tsararsu a nan su ne suka taso da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da littattafan NNPC, kamfanin buga littattafai na Arewa da ke Zariya. Sun ga yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, sun ga ranar da naira ta maye gurbin fam da sule a 1973. Saboda haka idan tauraronki ya karɓi albashi da naira a 1970, dattijo zai rufe littafin nan take. Ki zauna da mahaifinki da abokansa su gyara miki irin waɗannan, sannan ki nemi a buga da haruffa masu girma a kan takarda marar sheƙi.

Shawarar mai buga littafin ce ta fi damuna, domin kusan kullum ana kawo mini irin wannan rubutu in duba. Mutum bai taɓa karatun lafiya ba, sai ya tattaro saƙonnin WhatsApp, ya jera zogale da tafarnuwa da citta, ya rubuta a bango cewa an samu waraka daga hawan jini har abada. Ba a haɗa littafin magani kamar yadda ake haɗa littafin girki. Hawan jini sau da yawa ba ya nuna wata alama, mai shi yana jin garau alhali jinin yana sama. Dattijon da ya karanta cewa ya warke zai daina shan ƙwayoyin da likita ya rubuta masa, kuma abin da ke iya biyo baya shi ne shanyewar ɓarin jiki ko lalacewar ƙoda. Haka mai ciwon suga da ya bar allurarsa ya koma ga jiƙo.

Abin da ya ƙara wa lamarin haɗari shi ne, mutanen wannan tsara sun taso a zamanin da ba a buga abu sai edita ya tace shi, don haka suna ba bugaggen rubutu amanar da jikokinsu ba sa ba shi. Wanda ya ci wannan amana don kuɗin kwafi ɗari biyar, alhakin ran da ya salwanta yana wuyansa, kuma Allah zai tambaye shi. Idan wata rana kika so rubuta littafin lafiya don dattijai, ki nemi likita ku rubuta tare, sunansa a bango kusa da naki, ya karanta kowane shafi kafin a kai maɗaba'a.