Dumba da Sabon Ruwa: Amsar Maigida

Tambaya: Maigida, ruwan Haɗeja ya fara hawa, ga tarwaɗa na kwararowa fadama, amma ka ce in ajiye dumba, wato jerin tarkunan da ake datse hanyar kifi da su, sai kaka. Ba yanzu ne kifi ya fi sauƙin kamu ba?

Amsa: Sauƙin nan shi ne matsalar, ɗana. Kamo tarwaɗa ɗaya ka shafa cikinta da babban yatsa, za ka ga ƙwai na zubowa. Kifin da ke hawa a Yuli da Agusta haihuwa ya tafi. Tarwaɗa takan bi ruwa da daddare bayan ruwan sama mai ƙarfi, ta zuba ƙwai a cikin ciyawar da ruwa ya shanye, ƙwan ya manne, kwana ɗaya zuwa biyu ya ƙyanƙyashe. Bargi kan share ciyawa ya yi gida zagayayye a ruwan da bai wuce gwiwa ba, ya tsaya gadi. Karfasa kuwa uwar a baki take riƙe ƙwanta. Ka jefa mata birgi, wato ragar jifa, ta tofar da su, shi ke nan. Idan ka jera tarkon kifin da ake kira mali daga wannan gaɓa zuwa waccan, iyayen da 'ya'yan da ba a haifa ba ka kwashe.

Bari su shiga su ci, su yi ƙiba. Daga Oktoba, ruwa ya fara janyewa, da kansu za su biyo hanya ɗaya su dawo kogi. Nan ake kafa dumba. Ko a lokacin kada ka toshe gaba ɗaya: bar kashi ɗaya cikin uku a buɗe, wajen da ya fi zurfi, domin nan manyan iyaye ke bi. Duba malinka kullum da safe. Kifin da ya kwana biyu a ciki yakan mutu ya kumbura, ko mai banda ba zai saya ba.

Sai idon raga. Kallinka kada ya gaza inci uku. Gwajinsa: ɗaga kifin da ya kama, in duk ba su kai tafin hannu ba, idon ya yi ƙanƙanta. Masu ja da gidan sauro suna cika kwando da 'yan mitsi-mitsi, su shanya, su sayar da kuɗin da bai kai na tarwaɗa biyar ba. Gamalin kuwa, maganin ƙwarin nan da wasu ke zubawa a ruwa, ko kusa. Yana kashe komai har ƙwarin da kifi ke ci, ga mutane da shanu suna shan ruwan, doka ma ta hana.

Da rani ruwa kan tsaya a gurabe masu zurfi, kifin da zai haifi na baɗi duk yana ciki. Sarkin ruwa ya ce an rufe gurbi, to an rufe. Dubi Matan Fada a Argungu: don ana hana kamun kifi a wurin sai ranar biki shi ya sa ake fito da giwan ruwa da sai mutum biyu sun ɗauka. Ranar buɗewa ma a shiga da homa, wato ragar hannu, da gora, ba a yashe gurbi da injin ban-ruwa.

Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar ba ta kai ta da ba, kuma ruwan da ake saki da rani ya ba ciyawar kachalla damar cinye hanyoyin ruwa wajen Nguru. Hanyar da ta toshe kifi ba ya binta. Makon nan lauje za ka ɗauka: yanke kachallar a ƙarƙashin ruwa, kamar kamu ɗaya, don ruwa ya shiga kututturen ya ruɓe. In ka yanke a sama, mako biyu ta sake tohowa.