Amsa ga uwar da makaranta ta nemi izinin a duba ɗanta

'Yar'uwa, na karanta tambayarki a kan takardar da makaranta ta aiko miki, cewa ki sa hannu masanin halayyar ɗalibai ya duba ɗanki mai shekara 8, saboda karatu ya ƙi shiga kuma yana yawan tada rigima a aji. Kin tambaya ko suna nufin yaron ya samu taɓin hankali ne, kuma mene ne ma aikin wannan mutumin. Ni malamar firamare ce, na daɗe ina koyarwa, kuma na yi aiki da irin waɗannan masana, masu ƙwazo da masu cika takarda kawai. Shawarata ki sa hannu, amma da sharaɗin za ki bi sawun abin har ƙarshe.

Ki cire maganar taɓin hankali daga ranki. Likitan ƙwaƙwalwa daban, wannan daban. Wancan karatun likitanci ya yi, shi ke rubuta magani. Masanin da ke makaranta ba ya rubuta magani. Abin da ya karanta shi ne yadda yara ke girma, yadda suke koyo, da abin da ke tare musu hanya. Ba kuma shi ne malamin ba da shawara ba, wanda ke zama da ɗalibai a kan zaɓen darussa da ƙananan saɓani, ko da yake ayyukansu kan haɗu. An ɗauke shi ne ya gano dalilin da ya sa yaro ba ya samun abin da sa'o'insa ke samu, sannan ya faɗi abin da za a sauya.

Tun asali ma haka sana'ar ta fara. A 1896 wata malama ta kai wa Lightner Witmer, na Jami'ar Pennsylvania a Amurka, wani yaro mai shekara 14 da ya kasa iya rubuta kalmomi daidai duk da yana da wayo. Da aka bincika sai aka tarar, cikin abubuwan da ke damunsa, har da matsalar ido. Daga nan Witmer ya buɗe wurin duba yaran da karatu ke ba wuya. Shi ya sa masani na ƙwarai, kafin ya ciro kowace takardar gwaji, zai tambaye ki yaushe rabon da a duba idon yaron da kunnensa. Na ga yarinyar da ake ce wa mai kunnen ƙashi, ashe kunne ɗaya ne ba ya ji sosai, kuma ta gefen nan malami ke tsayawa.

Masanin zai zauna da ke ya yi miki tambayoyin da za ki ga kamar shisshigi ne: yadda haihuwar ta kasance, yaushe ya fara magana, ciwon da ya taɓa yi, yadda barcinsa yake, harshen da kuke yi a gida, ko an yi rasuwa ko rabuwa ko ƙaura kwanan nan. Ki amsa tsakani da Allah, domin abin da kika ɓoye shi zai karkatar da binciken. Zai duba littattafan rubutun yaron, ya ji ta bakin malamarsa, sannan ya shigo aji ya zauna a baya yana kallo.

Wannan zaman na baya shi ne abin da na fi daraja a aikinsu, kuma shi ne iyaye ba sa gani. Malama da ke fama da yara cike da aji rigimar kawai take gani. Shi kuwa abu uku yake rubutawa: me ya faru daf da rigimar, me yaron ya yi, me ya biyo baya. A ajin wata abokiyar aikina an yi wani yaro da kullum sai ya tsokani na kusa da shi an kore shi waje. An yi faɗa, an kira mahaifinsa, ba abin da ya sauya. Da masaniyar ta zauna ta yi ta rubutawa, sai ga shi fili: a darasin lissafi lafiya lau yake, tsokanar ba ta tashi sai an fara kiran suna ɗaya bayan ɗaya a tashi a yi karatu da ƙarfi. Gara a ce masa fitinanne da a ce masa daƙiƙi a gaban abokansa. Korar da ake ɗauka horo ce, a wurinsa mafita ce. Da aka gwada shi aka ga yana da matsalar nan ta haɗa baƙi da sautinsa, wadda ake kira disleksiya, wadda ba ruwanta da ƙarancin basira. Aka daina kiransa ba zato, ana ba shi layukan da zai karanta tun jiya ya shirya, aka ware masa ɗan lokaci kullum ana koya masa sautin baƙaƙe daki-daki. Bai zama gwani dare ɗaya ba, amma tsokanar ta mutu tun kafin karatun ya miƙe. Ban ce haka ɗanki yake ba. Ina dai nuna miki cewa rashin karatu da rigima sau da yawa igiya ɗaya ce ta ɗaure su.

Sai gwaji. Wanda aka fi sani shi ne gwajin basira na David Wechsler, da ya fara fitowa a 1949, ana yi wa yara daga shekara 6 zuwa 16. An tsara shi ne yadda matsakaicin maki zai zama 100. To a nan nake so ki buɗe kunne, don iyaye da yawa wannan lamba ɗaya suke riƙewa su tafi da ita, ko su yi murna ko su karaya. Amfanin gwajin yana cikin rabe-rabensa ne: fahimtar magana, gane siffofi da zane, riƙe bayani a ka na ɗan lokaci, da saurin aiki. Yaro na iya yin fice a fahimta ya kasa a riƙewa, sai ki ga an ba shi umarni uku a jere ya yi na farko ya manta sauran, a ce ya raina malami. Wannan bayanin shi malama za ta iya aiki da shi gobe da safe. Alfred Binet, wanda shi da Théodore Simon suka fitar da irin wannan gwaji a Faransa a 1905, don gano yaran da ke buƙatar ƙarin taimako ya yi shi, kuma bai yarda cewa basira abu ce da ta daskare ba za ta ƙaru ba. Ki kuma tambaya da wane harshe za a yi gwajin, da su wa aka auna shi a kansu. Idan da harshen da yaro bai ƙware a kai ba ne, iya harshen aka auna, ba kaifin kansa ba. Masani mai gaskiya zai rubuta wannan a rahotonsa.

Idan ya ga alamun abin da ya fi ƙarfinsa, kamar matsanancin rashin natsuwa da ke buƙatar a ga likita, ko farfaɗiya mai ɗauke hankali na 'yan daƙiƙoƙi, tura ku zai yi asibiti. Game da sirri kuwa, abin da yaro ya faɗa masa ba ya yawo da shi a ofishin malamai, sai dai in ya shafi cutarwa: ana cin zarafin yaron, ko yana shirin cutar da kansa ko wani. Wannan dole ya kai gaba. Suna da wasu ayyukan ma, irin su shiga tsakani idan ana cin zalin ɗalibi, tallafa wa aji idan an yi rashi, da horar da malamai, amma ba su ne damuwarki yanzu ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne yawan aiki. Ƙungiyar waɗannan masana ta Amurka ta ba da shawarar masani ɗaya ga ɗalibai 500, amma a wurare da dama mutum ɗaya ke zagaya makarantu da yawa. Sai ya koma mai gwaji kawai: ya zo, ya auna, ya rubuta shafuka cike da manyan kalmomi, ya wuce. Rahoton ya shiga durowa, yaro ya samu sabon suna, aji kuwa yana nan yadda yake. Wannan ya fi rashin gwajin illa, a ganina, domin yanzu kowa ya samu uzurin daina ƙoƙari da shi.

Don haka kafin ki mayar da takardar, ki nemi a gaya miki wane gwaji za a yi, wa zai ga sakamakon, kuma za a ba ki kwafi. Bayan an gama ki nemi zama ɗaya da ke da masanin da malamar ajin, ya yi bayani da kalmomin da za ki gane. Kada ku tashi sai an fitar da abu biyu ko uku da za a sauya a aji, wanda zai yi kowanne, abin da za ki yi a gida, da ranar da za a sake zama a ga ko an samu ci gaba. Idan ba ki gamsu da abin da aka rubuta ba, ki nemi wani masanin ya sake dubawa.

Shi kuma yaron, kada a ce masa za a duba kansa. Ki ce wani malami ne zai zauna da shi su yi wasu ayyuka don a gano hanyar da karatu zai fi yi masa sauƙi, ba jarrabawa ba ce, babu ci babu faɗuwa. Ya samu isasshen barci a daren, kuma idan da hali a duba idonsa da kunnensa kafin ranar, ki tafi da sakamakon a hannu. Allah Ya buɗa masa.