Dalilin da ba ma jefa anga kan sha'ab

Ka tambaye ni me ya sa na ce ka jawo anga ka sake jefa ta kan yashi, alhali a kan sha'ab, wato tudun murjani na ƙarƙashin teku, ta fi kamawa. Gaskiyarka, ta fi kamawa. Amma ɗana, abin nan da kake gani kamar dutse yana da rai.

Murjani ƙananan halittu ne masu taushi, dubbai a wuri ɗaya, kowace tana gina wa kanta ɗaki da farar ƙasa da take tsotsowa daga ruwan teku. Irin dunƙulallen nan kusan santimita ɗaya yake ƙaruwa a shekara. Wanda ya kai maka ƙugu ya girmi kakanka. Ƙarfen anga ya faɗa masa, sarƙa ta bi ta goge na gefensa duk lokacin da iska ta juya kwale-kwale, kafin la'asar an farfasa ginin shekara ɗari. Cikin ramukan murjanin kuma najil yake ɓuya, kifin da ya fi kowane kawo mana kuɗi a kasuwar Bur Sudan.

Ko ba anga ma, murjani na shan wuya. A cikin namansa akwai wata gansakuka da ido ba ya gani, ita ke ba shi launi da yawancin abincinsa. In zafin ruwa ya haura na bazara da digiri ɗaya kacal ya daɗe makonni, sai ya fitar da ita, ya yi fari fat. Bai mutu ba tukuna, yunwa yake ji. In ruwa ya huce da wuri yakan farfaɗo. A 1998 haka ta faru a tekuna da dama na duniya, a 2024 ma aka sake. Zafin teku ya fi ƙarfinmu ni da kai, shi ya sa nake tsananta wa abin da ke hannunmu.

Saboda haka ne ma nake sa ka saki kifin harid in ya shiga koma. Da bakin nan nasa mai kama da na aku yake kankare gansakukar waje da ke rufe murjanin da ya raunana. In aka kwashe harid, jariran murjani ba su samun wurin mannewa. Na san ana sayensa, na kuma san gida na jiran cefane. Duk da haka ka sake shi.

Sanganeb, sha'ab ɗin nan mai nisan kilomita 25 daga gaɓa, UNESCO ta sa shi cikin wuraren gado na duniya a 2016 tare da mashigin tekun Dungonab. Ka ga ba mu kaɗai muka san darajar wannan yanki na Bahar Maliya ba.

Gobe ka tsaya a goshin jirgi, rana ta yi sama kuma tana bayanka. Inda ruwa ya yi shuɗi mai haske, yashi ne, nan za ka jefa. Inda ya yi ƙasa-ƙasa, ka ɗaga mini hannu mu kauce.