Auna kogi da binciken 'yan yawon buɗe ido ba tare da na'ura ba

Tambaya: Malam, an ba mu aikin gani da ido a darasin labarin ƙasa: mu auna yawan ruwan da ke gudana a wani rafi, mu kuma duba yadda 'yan yawon buɗe ido ke shafar gari. Ba mu da na'ura. Ta ina za mu fara?

Amsa: Ɗalibi, kada rashin na'ura ya dame ka. Tef ɗin awo, sanda mai alamar santimita da agogon waya sun wadatar.

Ku nemi inda rafin ya miƙe, ba lanƙwasa. Ku ja tef daga gaɓa zuwa gaɓa, ku riƙa tsoma sanda a tazara iri ɗaya, misali kowane rabin mita, kuna rubuta zurfi. Faɗi sau matsakaicin zurfi shi ne girman hanyar ruwan. Sai gudu: ku auna mita 10, ku saki 'yar gorar roba mai ruwa rabi, don kada iska ta tura ta, ku duba sakan nawa ta ci. Ku maimaita sau biyar. A nan ɗalibai ke yin ganganci, su saki sau ɗaya, ta maƙale a ciyawa, su rubuta hakan nan. Kuma ruwan da ke saman rafi ya fi na ƙasa sauri, domin duwatsu na riƙe na ƙasa, shi ya sa ake ninka gudun gorar da 0.8. Girman hanyar ruwan sau gudu shi ne yawan ruwan da ke wucewa.

Ga misali: faɗi mita 4, zurfi rabin mita, gora ta ci sakan 20. Mita 10 a raba da 20 ya ba da 0.5, sau 0.8, gudu ya zama mita 0.4 a sakan; girman hanya 2 sau 0.4 ya ba da kubik mita 0.8, ke nan lita 800 na wucewa kowane sakan. Ina roƙonku, in ruwa ya haura gwiwa ko an yi ruwan sama a daren jiya, kada kowa ya shiga.

Na gari kuwa, sirrinsa kwatantawa. Ku zaɓi titin da baƙi ke cika da wani da ba sa zuwa, ku ƙirga masu wucewa na minti 10 a lokaci guda. Ku ba shara, hayaniya da cunkoso maki daga 1 zuwa 5, amma ku daidaita ma'anar kowane maki kafin ku rabu. Ku tambayi mazauna unguwa, ba masu shaguna kaɗai ba, domin mai cin riba da baƙi da wuya ya kushe su. Sannan ku koma a ranar da gari ya yi tsit, ku sake ƙirgawa.